Jawabi Game Da Gam Ɗin Tiyata Da Ruwan Da Ke Taruwa Bayan Aikin Dajin Tumbi

 

Shugabanni sun ba mu wannan dama ne, mu 'ya'yanku da ke aiki a fannin lafiya, domin mu amsa wata tambaya da ta yi ta yawo a nan Inkil tun lokacin da ƙungiya ta yi karo-karo don taimaka wa wani ɗan'uwanmu da aka yi wa aikin ciki. Masu zuwa dubiya sun ga roba ta fito daga gefen cikinsa tana tsiyayar da ruwa cikin wata jaka, kwana da kwanaki. Wasu suka ce aikin ne bai yi kyau ba. Wasu kuma, musamman samari masu duba waya, suka ce ai a ƙasashen waje akwai wani gam da likitoci ke shafawa a ciki, ruwa ba ya taruwa sam, da an kai shi Indiya ko Masar da bai sha wannan wahala ba. Har mun ji ana cewa idan abin ya sake faɗa wa wani, gara a sayar da fili a fita da shi. To, maganar da ta kai ga sayar da fili ta wuce hirar bakin shago, ya kamata a zauna a yi ta dalla-dalla.

Da farko mu raba tsakanin ciki da tumbi. Bahaushe idan ya ce cikina, yana iya nufin komai daga ƙirji har mara. Tumbi kuwa shi ne jakar nan da abinci ke fara sauka a cikinta bayan an haɗiye. Duk wanda ya taɓa fiɗar ragon layya ya san shi, sai dai na ɗan Adam ɗaki ɗaya ne, ba kamar na rago mai ɗaki huɗu ba. Ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara, yana iya tsirowa a bangon wannan jaka. Hukumar binciken ciwon daji da ke birnin Liyon na ƙasar Faransa ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 kusan mutum miliyan ɗaya ne aka gano suna da shi a duniya, kuma kimanin 660,000 suka rasu ta dalilinsa.

Mutumin da ya fara yanke tumbi mai daji har majinyaci ya tashi, wani likita ne mai suna Theodor Billroth, a birnin Biyana, cikin watan Janairun 1881. Matar da ya yi wa aikin ta warke daga fiɗar, ta ci abinci, amma bayan wata huɗu dajin ya dawo ya yi ajalinta. Daga baya likitoci suka fahimci cewa cire ƙullutun da ido ke gani bai wadatar ba, domin cutar tana bin kaluluwa ta bazu.

A nan muke so ku ba mu kunnuwanku, don nan ne asalin ruwan da kuka gani. Kowa ya san kaluluwa. Yaro ya ji ciwo a ƙafa, sai ka ga ta fito masa a matsematsi. To, irin waɗannan ƙwayoyi suna nan birjik a kewayen tumbi, da kan jijiyoyin jinin da ke zuwa hanta da saifa. Akwai ƙananan hanyoyi da ke haɗa su, wasu sun fi zaren ɗinki siranta, kuma wani ruwa garai-garai ne ke gudana a cikinsu dare da rana. Jiki yana tattara wannan ruwa, lita biyu ko fiye a kowace rana, ya bi da shi ta wata babbar hanya a bayan ciki har ya zuba shi cikin jijiyar jini a gindin wuya. Likitocin ƙasar Japan, inda cutar ta yi yawa, su ne suka tsara yadda za a kwashe kaluluwar nan sosai, aikin da ake kira D2. Turawa sun daɗe suna ja da su, har sai da wani babban bincike na ƙasar Holan, wanda ya bi majinyata shekara 15, ya nuna a 2010 cewa waɗanda aka yi wa irin wannan kwasa sun fi tsira daga mutuwa ta dalilin dajin. Yau ana so a cire aƙalla ƙwaya 16 a duba su a ɗakin gwaji kafin a san matakin da cutar ta kai.

Ku ɗauki misalin mai noman rani a fadama. Idan ya sa fartanya ya sare ƙananan magudanai masu yawa, ruwa zai yi ta tsattsafowa ta ko'ina. Haka likita yake. Hanyoyin da ya gani yana ɗaure su da zare, ko ya matse su da ɗan ƙarfe, ko ya ƙone bakinsu da na'ura. Waɗanda ido ba ya gani kuwa sai su yi ta tsiyaya har jiki ya toshe su da kansa. Saboda haka ganin ruwa a jaka ba shi ne shaidar an ɓata aiki ba. Sau da yawa ma likitan da ya yi shara sosai shi ne majinyacinsa zai fi tsiyaya a kwanakin farko. Ana sa robar ne domin kada ruwan ya kwanta a ciki ya zama matattarar ƙwayoyin cuta, kuma domin likita ya riƙa ganin abin da ke faruwa a inda ya rufe.

Sai dai fa ruwa iri-iri ne, kuma ya kamata duk mai jinya ya san bambancinsu, don shi ne ke kwana kusa da gado. Wanda ya fito ja-ja a ranar farko, sa'an nan ya koma ruwan ɗorawa mai haske kamar shayin da bai ji ganye ba, yana kuma raguwa kullum, wannan shi ne na al'ada. Idan ya koma fari fat kamar madara bayan majinyaci ya fara cin abinci, to babbar hanyar da ke ɗauko maiƙo daga hanji ce ta ɓule. Wannan yana ramar da mutum, domin abincin jikinsa ne ke zuba a jaka, kuma maganinsa na farko shi ne a yanke masa mai da kitse, wani lokaci ma a hana shi ci ta baki a ciyar da shi ta jijiya. Idan ya yi duhu ya gurɓace, likita zai aika da shi ɗakin gwaji, don akwai wata tsoka mai suna fankiriyas kwance a bayan tumbi, wadda ruwanta ke narkar da abinci, kuma idan aka ƙwarzane ta wajen kwasar kaluluwa, ruwan nata yana iya cin naman da ke kusa da shi. Idan kuwa ya zama kore, ko yana wari, ga zazzaɓi, ga zuciya tana bugawa da sauri, ciki ya ƙulle, to ana jin tsoron ɗinkin hanji ne ya saki, kuma an fi ganin haka a makon farko. Jini sabo mai cika jaka da sauri, wannan ba a jiran gari ya waye. A tashi nas ko da ƙarfe biyun dare ne.

Yanzu mu zo ga gam. Gaskiya ne akwai shi, samarinmu ba su yi ƙarya ba. Wanda aka fi amfani da shi a cikin ciki sunansa fibirin, kuma daga jinin mutane ake tace shi. Kun san idan mutum ya yanke, jini yakan daskare ya toshe wurin. Abubuwa biyu ne a cikin jini ke haɗuwa su saƙa wannan daskararren. Sai masana suka ware kowanne daban, suka zuba a sirinji mai baki biyu, idan likita ya matsa suka gamu a kan nama, nan take su daskare su lulluɓe wurin. Bayan kamar mako biyu jiki ya narkar da shi, ba ya barin komai. Tun a 1944 aka gwada haɗin nan wajen manna fata ga sojojin da suka ƙone a yaƙin duniya na biyu. An inganta shi a Biyana cikin shekarun 1970, amma hukumar magunguna ta Amurka ba ta amince a sayar da shi ba sai 1998, saboda tsoron cututtukan da ke bin jini. Ɗaya daga cikin sanannunsa shi ne Tisseel.

Akwai iri na biyu, ɗan'uwan sufa gulu ɗin nan na kasuwa. Wani Ba'amurke, Harry Coover, ya ci karo da sinadarinsa a 1942, an kuma fesa shi a raunukan sojoji a yaƙin Biyetnam don tsayar da jini. Na asibiti an sake masa tsari, kuma yawanci a fata ake sa shi maimakon ɗinki. Bari mu ɗan ratse a nan mu yi wa kanikawa da masu faso magana: wanda kuke saya a tebur kuna ɗigawa a rauni ba shi ne na asibiti ba, yana ƙona nama, yana kuma rufe datti a ciki. Ku bari. Iri na uku kuma, mai suna TissuGlu, Amurka ta amince da shi a 2015 domin rage taruwar ruwa, kuma muna zaton labarinsa ne ya fi ruɗa masu duba waya. Aikin da aka amince a yi da shi na rage teɓa ne, inda ake manna fatar ciki da naman da ke ƙarƙashinta. Wannan a waje yake. Tumbi yana can ciki, tsakanin hanta da saifa da hanji, ba wata fata da za a manna.

To, yana aiki ko ba ya yi? Nan ne kowa ke jira. Inda aka fi gwada fibirin shi ne aikin dajin nono, don can ma ana kwashe kaluluwar hammata, ruwa kuma yana taruwa. A 2013 ƙungiyar masana ta Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara bincike ta tace, ta haɗa gwaje-gwaje 18, ta ga cewa gam ɗin bai rage yawan matan da ruwa ya taru musu ba, bai kuma rage kwanakin zama a asibiti ba. Da suka duba aikin fankiriyas, nan ma bambancin da suka gani kaɗan ne ko babu. A aikin tumbi kuwa, binciken da aka yi ƙanana ne, yawancinsu daga Koriya ta Kudu da Japan da Sin. Wasunsu sun nuna ruwan da ke fita ya ragu, an kuma cire roba da ɗan wuri. Wannan abu ne mai kyau, ba mu raina shi ba. Amma rage ruwan jaka daban, tsawaita rai daban. Gam ba ya kashe ƙwayar daji ko ɗaya, ba ya kuma gyara ɗinkin da aka yi a naman da ba shi da ƙwari. Hatta a ƙasashen da suke da shi a kowane ɗakin tiyata, likitoci da yawa suna gama aikinsu ba su taɓa shi ba.

Ita ma robar da ake ƙyama, an yi ta muhawara ko a daina sa ta. Wani bincike da aka yi a asibitocin Italiya, wanda ya fito a 2024, ya nuna cewa waɗanda ba a sa musu ba sun fi bukatar a sake huda su ko a sake buɗe su. Kun ga ke nan ko a Turai ba a rabu da ita ba.

Sa'an nan ga tsada. Daga waje ake shigo da shi, da dala. Wasu nau'o'insa sai an ajiye su a daskare, kun kuwa san halin wutarmu. Kwalba ɗaya ta mutum ɗaya ce, abin da ya rage zubarwa ake yi. Yana da nasa haɗarin, ko da yake ba kasafai ba: jikin wani ba ya karɓarsa, kuma idan ya kuskure ya shiga jijiyar jini yana toshe ta. Wani malami ya tambaye mu da me ake yin sa. Fibirin dai daga jinin ɗan Adam ne kamar yadda muka ce, wani gam ɗin akwai sinadarin saniya, wani faifan da ake mannawa daga doki aka samo shi, akwai kuma wani soso na tsayar da jini da ake yi da fatar alade. Majinyaci yana da haƙƙin ya tambaya a gaya masa. Hukuncin lalura kuma mun bar wa malamai, su ne masu wannan fage.

Ra'ayinmu dai, idan likitan da zai yi aikin ya ce yana da shi, ya kuma ga wurin da zai amfana, kuma akwai hali, to madalla. Amma a ɗaga mutum daga Bauchi zuwa wata ƙasa domin gam kawai, ko a jinkirta aiki wata biyu ana haɗa kuɗinsa, wannan asara ce biyu, ta dukiya da ta lokaci.

Lokacin nan kuwa shi ne abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Mafi yawan mutanenmu ba sa isa gaban likitan fiɗa sai cutar ta riga ta bazu, inda ba maganar gam ake ba, maganar ko aikin ma zai yiwu ake yi. Dalili kuwa shi ne kalmar nan olsa. Kowa a unguwar nan yana da olsa. Mutum zai shekara uku yana sayen omifirazol a kemis, zafin ya lafa, ya ce ya samu sauƙi, alhali maganin yana lulluɓe alamar ne kawai. Wani ma yana haɗawa da ƙwayoyin ciwon jiki irin su dikulofenak, waɗanda su kansu suna cin bangon tumbi.

Akwai wata ƙwayar cuta da ke zama a tumbi, ana ce mata Helikobakta. Likitoci biyu na ƙasar Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ta a 1982, aka ba su kyautar Nobel a 2005. A 1994 aka sanya ta cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji. Ba nesa da mu ba, a Maiduguri, wani likita ɗan Ingila mai suna Holcombe da abokan aikinsa sun auna jinin jama'a, suka bayyana a 1992 cewa fiye da kashi 80 cikin 100 suna ɗauke da ita. Abin da ya ba shi mamaki shi ne ga ƙwayar ko'ina amma dajin tumbin da ake gani a asibiti bai kai na Japan ba. Har yau masana suna tattauna dalili, kuma cikin abin da suke kawowa akwai ƙarancin gwaji, watau mutane suna mutuwa a gida da sunan olsa ko sammu ba wanda ya rubuta. Kada kowa ya firgita, mafi yawan masu ɗauke da ita ba za su taɓa yin daji ba. Ana gano ta da gwajin bayan gida ko na numfashi, ana kuma kashe ta da haɗin magunguna na kwana 10 zuwa 14, in dai an shanye su duka. Taba, da giya, da yawan gishiri, da yawan cin abin da aka adana da gishiri ko aka banda, duk suna ƙara haɗari.

Ga alamomin da ba a zama da su. Mutum ya haura shekara 40 sai ciwon saman ciki ya fara masa sabo. Rama ba dalili. Loma uku ka ji ka ƙoshi. Amai bayan cin abinci, ko aman jini, ko bayan gida baƙi kamar kwalta. Abinci yana tsayawa a ƙirji. Ido da tafin hannu sun yi fari. Mai ɗaya daga cikin waɗannan, abin da yake bukata shi ne a zura masa na'urar nan mai fitila ta baki a leƙa tumbin, a ɗan tsinko nama a gwada. Hoton sikanin da ake shafa wa mutum mai a ciki ba ya maye gurbinta. A Koriya ta Kudu gwamnati tana kiran duk wanda ya kai 40 a duba shi bayan kowace shekara biyu, shi ya sa a can da Japan fiye da kashi 60 cikin 100 na masu cutar suke wuce shekara biyar a raye. Mu nan ba mu da wannan tsari, sai dai mutum ya kai kansa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka kafa a 2010 a harabar tsohon asibitin ƙwararru, yana cikin garin nan. Hanyar da ta ratsa ta gabanmu ita ce ke kai wa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, kimanin kilomita 150. Ga Jos, ga na Malam Aminu Kano, ga Shika a Zariya. A irin waɗannan wurare ake neman gwajin, su yi ko su tura ka inda za a yi.

Idan an sa ranar aiki, iyayenmu mata, nan ne naku hannun ya fi na kowa. Mai dajin tumbi yakan zo a rame, furotin ɗin jininsa ya yi ƙasa. Wannan furotin shi ne ke riƙe ruwa a cikin jijiya, idan ya yi ƙaranci ruwa ya yi ta fita yana taruwa a ciki da ƙafafu, nama kuma ba ya kama ɗinki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Makonnin da ake jira, a dage da ƙwai, wake, kifi, nono da aka dafa, kunun gyaɗa, alala, kaɗan-kaɗan sau da yawa, gwargwadon abin da zai zauna masa. Mai shan taba ya ajiye ta tun ranar da aka gaya masa. Bayan aiki kuma, kada a ɗura masa komai a ɓoye, ko jiƙo ko kanwa ko farfesu mai maiƙo, sai likita ya ce a fara. Kada a naɗe robar, kada a ɗaga jakar sama da ciki, kada a zubar da ruwan kafin nas ta auna ta rubuta, domin da wannan lissafi ake sanin ranar cirewa. A taimaka masa ya tashi ya taka da wuri. Idan an koma gida, tumbin ya ƙanƙance ko ma babu shi, saboda haka malmalar tuwo guda ta zama tarihi, sai dai ci shida ko fiye a rana, a tauna sosai, a rage zaƙi, kada a kora da ruwa mai yawa a lokacin cin. Wanda aka cire wa tumbi gaba ɗaya zai riƙa karɓar allurar bitamin B12 har ƙarshen rayuwarsa, kuma da yawa za a ɗora su a kan kemo, wanda shi ma kuɗi ne da ya kamata a lissafa tun farko.

Game da kuɗin, kada a dogara da abin da ba a bincika ba. Asusun tallafa wa masu ciwon daji da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2021, wanda asibitin Gombe ke cikin wuraren da aka zaɓa, ya fara ne da daji uku: na nono, na bakin mahaifa, da na furostet ɗin maza. Tumbi ba ya cikin ukun nan. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta wa kowane ɗan ƙasa shiga, jihar Bauchi kuma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya. Muna roƙon shugabanni su aika wakilai biyu su jiyo abin da inshorar ke biya da wanda ba ta biya, su zo su karanta mana a taro na gaba.

Abu na ƙarshe da muke nema a yau ba ya bukatar ko kwabo. Aikin tumbi yana iya cin jini leda biyu ko fiye, kuma dangi ake cewa su kawo. Yawancinmu danginmu suna Kano da Katsina da Daura da Haɗeja, kafin su iso an ɗaga ranar aiki. Sakatare zai zagayo da takarda yanzu. Duk mai lafiya daga shekara 18 zuwa sama da ya yarda a kira shi, ya rubuta sunansa da rukunin jininsa, wanda bai san nasa ba ya sa alama a gefe za mu shirya ranar gwaji. Bayan haka shugaba zai ba da dama a yi tambayoyi, za mu fara da ɓangaren mata.